Kafin a sauke injin, a duba makulli

A nan Damagaram, idan mota ta ƙi tashi, zargin farko kan batir yake faɗawa, daga nan sai sitata. Amma yawancin motocin da aka shigo mana da su ta Kwatano suna ɗauke da na'urar hana sata, wadda aka wajabta wa sababbin motoci a Turai tun 1998. A cikin kan makullin akwai ɗan ƙaramin guntu mai lambar sirri, kuma idan zoben da ke kewaye da ramin makulli bai karanta lambar ba, kwamfutar motar za ta hana mai ko wuta isa injin.

Alamar ita ce injin ya yi ta juyawa bai kama ba, ko ya kama ya mutu nan take, fitila mai hoton makulli tana ƙiftawa. Makullin da aka yanko a kasuwa yakan buɗe ƙofa, amma ba ya tayar da mota.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wasu ke gaggawar yanke wayoyi. Ya fi dacewa a gwada makulli na biyu, a goge bakin batir, a duba fis, sannan a nemi mai lantarkin mota ya jona na'urar bincike a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari.