Wutar da masu shanta suka mallaka

A karkarar jihar Missouri da nake zaune a Amurka, ƙungiyar gama-kai ce ke kawo wutar lantarki, kuma duk mai mita mamba ne. Har ni ɗan haya.

Makon jiya na je taronmu na shekara. Manoma da masu kiwon shanu suka cika zaure, aka karanta mana abin da ya shigo da abin da aka kashe, sannan muka zaɓi shugabanni. Da mai gona gari guda da ni, kowa ƙuri'a ɗaya. Wallahi abin ya taɓa ni ƙwarai. Idan an samu rara, ana rubuta wa kowa rabonsa gwargwadon wutar da ya sha, bayan wasu shekaru a biya shi.

A 1935, da Shugaba Roosevelt ya kafa hukumar kai wuta karkara, gona ɗaya cikin goma ce ke da lantarki. Kamfanoni sun ƙi jan waya, wai ba riba. Manoma suka haɗa dala biyar-biyar na rajista, suka karɓi rancen gwamnati, suka kafa turaku. Yau waɗannan ƙungiyoyi suna ba mutum miliyan 42 wuta.