Kada Ka Toshe Bakin Pirasosta

Ranar Talata wajen ƙarfe biyu na rana, muna saman wani bene a unguwar Plateau nan Yamai, na juyo na ga yaron da nake koya wa aiki ya zaro guntuwar waya daga aljihu yana fere bakinta da haƙori. Babban klim ɗin saman rufin, wato na'urar sanyaya ɗaki, ne ke ta yankewa: kompiresa, injin da ke matsa gas, ya tashi, ya yi minti goma, ya mutu. Na san abin da zai yi. Zai haɗe ƙafafun pirasosta, makunnin nan da ke kashe kompiresa in matsin gas ya wuce kima. Na cafke hannunsa. Ya ce, "Maigida, a salula na ga wani ya yi haka." A salula!

Ni na yi wannan aikin da hannuna, a Afrilun 2011, a wani ɗakin taro da ba zan kama sunansa ba. Injin mai gas R22 ne, mai layin kuran uku, volt 380. Zafin ranar ya haura digiri 43, kwanon rufin ba ya taɓuwa. Mai wurin yana ƙasa yana ƙwala mini kira, baƙi na tafe da la'asar. Na danna jan maɓallin pirasosta sau huɗu, sau huɗu yana sake yankewa. Sai na ce ai shi ne ya lalace, na haɗe shi da waya. Sanyi ya sauka, aka yaba mini, har da tukuici.

Kwana tara kompiresan ya yi ya ƙone. Da na kwance bututu, man ya fito baƙi ƙirin, da wani wari mai yaji da har yau hancina bai manta ba. Ashe kondansaten fankar waje, ɗan gwangwanin da ke taimaka mata ta juya, ne ya yi rauni. In rana ta take sai fankar ta ja jiki ta tsaya, ga ragar kondansa, mai fitar da zafi waje, ƙurar hunturu ta liƙe ta kamar an yaɓa laka. Zafi ya rasa mafita, matsi ya hau. Pirasostan gaskiya yake faɗa mini, ni na rufe masa baki. Abin da za a saya a kasuwar Katako da 'yan jikkuna ya cinye kompiresa sukutum, rabin kuɗin kuma daga aljihuna, na sayar da babur.

Amma a yi adalci. Mano ɗina, agogon auna matsin gas, aro ne, mai shi ya karɓe. Maigidana bai taɓa nuna mini yadda ake auna kondansate ba, sai dai "miƙo sufana". Ga matata da tsohon ciki. Wa zai sauko ya ce wa mai kuɗi a jira gobe? Duk da haka, kallon fankar ba ya bukatar mano. Ido kawai. Minti goma sha biyar zan tsaya a rana in ga ta tsaya, na kasa.

Na shirya gaya wa yaron abubuwa da yawa, ga abin da ya fito. Kada ka haɗe makunnin kariya, ko wa ya matsa maka. Ka fara gano wanne ne ya yanke. In na babban matsi ne, wanke raga, duba fanka. In na ƙaramin matsi ne, nemi yoyo ko matatar da ta toshe har ƙanƙara ta kama bututu, ka daina ɗura gas da ka. In kan kompiresan ya yi zafin da ba ya taɓuwa, makarin cikinsa ne ya buɗe, yana iya ɗaukar sa'o'i kafin ya koma, kada ka ce ya mutu. Auna layukan kuran ukun, ka leƙa bakin kontakte, makunnin da ke ba kompiresa kuran, ko ya ci wuta.

To, ni ma nakan haɗe pirasosta wani sa'in, na 'yan daƙiƙu, mano a ɗaure, idona a kan allura, don in tabbatar ko shi ne ya lalace. Amma ku 'yan koyo ban yarda ku yi ba. Ba ku da haƙurin tsayawa. Minti biyar ɗin da injin ke jira kafin ya sake tashi ma sai kun ciro salula.

Yaron ya mayar da wayar aljihu, bai jefar ba, na gani. Na aike shi ƙasa ya jawo tiyon ruwa, muka kashe kuran, muka fara wanke ragar daga ciki zuwa waje. Jan ruwan da ya gangaro ya kai bakin indararo.