Gidan Reza na Ƙarfe da Hannun Mai Koyo

Shagona na aski ne a cikin birnin Kano, amma abin da aka fi sanina da shi yanzu shi ne gidan reza na ƙarfe, irin wanda ake kwancewa a ɗora reza mai baki biyu a mayar a ɗaure. Da shi nake gyaran fuska, ina kuma sayar da shi. Duk wanda ya saya a hannuna ba ya fita sai na zaunar da shi gaban madubi ya yi askin farko ina tsaye a kansa. Ko sisi ba na karɓa a kan wannan koyarwar. Idan ya tafi da kayan kirki bai iya riƙonsa ba, ya je ya yayyanke wuya, sunan shagona ne zai ɓaci.

Yawancin masu zuwa samari ne da ƙurajen aski suka addaba. Za ka ga wuyan mutum da ƙeyarsa duk sun yi tsiro-tsiro, wasu har sun bar baƙin tabo. Gashinmu a murɗe yake fitowa. Abin askin roba na zamani, mai baki uku ko biyar a jere, bakin farko yakan ɗago gashin, na bayansa su datse shi, sai guntun ya koma ya nutse ƙarƙashin fata. Da ya tashi tsirowa sai ya lanƙwashe ya soki nama daga ciki, ƙurji ya fito. Rezar gidan ƙarfe kuwa, da yake baki ɗaya ne ke taɓa fata a lokaci guda, daidai saman fata take yankewa ta wuce. Shi ya sa nake ce musu su koma wa na da, su ba shi makonni kaɗan, su gani.

Ai wannan na da ɗin ba ƙaramin tarihi gare shi ba. Wani Ba'amurke mai suna King Camp Gillette ne ya fitar da shi kasuwa a 1903, kuma a shekarar farko gidan reza 51 da reza 168 kaɗai ya sayar. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka raba wa sojojin Amurka miliyoyinsa, suka koma gida da shi, ya bazu. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya kawo reza wadda ba ta saurin tsatsa. Abin da ke burge ni shi ne, rezar da za ka saya yau a teburin mai tireda za ta zauna daram a gidan rezar da kakanka ya bari, don shekaru da yawa ke nan ba a taɓa girmanta ba.

Ni a gidan wanzamai na tashi. Baffana, ƙanin mahaifina, shi ya koya mini, Allah Ya jiƙansa. Ina yaro ni ke ɗaukar masa zabira idan za mu askin suna da sassafe. Kafin ya yarda na taɓa kan mutum, sai da na daɗe ina wasa aska kawai, in gwada ta a gashin hannuna, ya karɓa ya duba ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, koma, ba ta ci ba." Har yau ina tuna yadda yake jiƙa kan dattijo da ruwa da sabulu, yana murzawa da tafin hannu a hankali, suna hira, kamar bai zo aski ba. Na taɓa tambayarsa, "Baffa, me ya sa kake daɗewa haka?" Ya ce mini gashin da ya sha ruwa ya riga ya yanku. Askar tasa ba ka jin ƙararta sai wani ɗan kar-kar, kuma ban taɓa ganin ya danna ta ba. Abin da ya koya mini da aska shi nake koya wa mutane da gidan reza, bambancin kawai wannan tana da kariya a gaban baki.

Na farko dai ruwa. Ka yi askin bayan wanka, ko ka jiƙa tawul da ruwan ɗumi ka rufe fuska kamar minti uku. Sannan kumfa. Ka jiƙa buroshi, ka yarfe shi, ka murza a kan sabulun aski, ka haɗa a fuska ko a ƙaramin kwano kana ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan har ta yi kauri da santsi kamar kindirmo. Kumfar da ke da manyan ƙwayoyi iska ce kawai, ba ta kare komai. Wanda ruwan rijiyarsu ke da zartsi zai ga sabulu ya ƙi kumfa, to ya nemi ruwan leda ɗaya, ya ishe shi. Buroshi kuma a kula, da yawa daga waɗanda ake shigowa da su gashin alade ne. Ni na gashin doki da na zaren roba kaɗai nake ajiyewa, na roban ma ya fi saurin bushewa.

Kafin ka ɗora reza, shafa fuskarka da yatsa ka ji inda gashin ya kwanta. A kumatu yawanci ƙasa yake kallo, amma wuya wani abu ne daban: wani nasa sama yake tafiya, wani gefe, wani ma yana da ɗan kewaye kusa da maƙogwaro. Inda gashi ya kwanta, nan za ka bi. Mai koyo ba shi da haɗi da askin da ya saɓa wa kwanciyar gashi, mai ƙuraje kuwa gara ya haƙura da shi har abada.

Sai riƙo, kuma a nan nake shan aiki da mutane. Ka ɗora kan gidan rezar a kumatu, mariƙin yana kallon waje, sai ka riƙa sauke shi sannu a hankali har ka ji baki ya fara cin gashi. Wurin ke nan, wajen digiri 30. Ka riƙe da yatsu uku can wajen ƙarshen mariƙi, ka ja gajere-gajere, wuyan hannu a tsaye, ka bar nauyin ƙarfen ya yi aikinsa. Wanda ya saba da na roba hannunsa ya riga ya koyi dannawa, don wancan ba shi da nauyi. Sai in kama hannun yaro in ce, "Samari, saki, kada ka taya ta." Idan gefe ɗaya ya cika da kumfa ka juya ɗayan, sannan ka ɗauraye. Inda babu kumfa kada reza ta sake bi. In bai kwanta yadda kake so ba, ka sake shafa kumfa ka zagaya na biyu. Mai gemu da saje ma ya fi kowa morar ta, don tana fitar da layi tsaf, kana ganin inda bakin yake.

To, duk wannan koyarwar banza ce idan gidan rezar na jabu ne, kuma kasuwa ta cika da su. Suna ƙyalli a cikin leda, amma ɗaura reza ka ɗaga shi sama ka duba: gefe ɗaya baki ya fito da yawa, ɗayan ya ɓuya. Irin wannan ko hannun Sarkin Aska ne sai ya fitar da jini. Wata biyu fentin ya fara ɓarewa, zaren notin ya cinye. Akwai dillalin da ya taɓa nuna mini samfuri mai kyau, da kwalin ya iso sai ga tarkace a ciki, na mayar masa da kayansa muka rabu. Tun daga nan kowane ɗaya sai na kwance shi da hannuna, na ɗaura reza, na duba gefe da gefe kafin ya hau kanta. Na Jamus irin su Merkur da ake ƙerawa a Solingen suna da tsada, amma ɗanka zai gaje su. Akwai na Indiya da Misira masu sauƙin kuɗi da suke zama daidai, su nake ba ɗalibai.

Sai mutum ya shigo ya juya shi ya ce, "Haba Malam, ai na ga irinsa a rabin wannan kuɗin." Ba na jayayya. Ina da guda ɗaya na jabun a aljihun tebur, sai in ɗora masa ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, ya ji nauyi da kansa. Wasu su saya, wasu su tafi su sayo wancan, bayan sati biyu su dawo da wuya a kumbure.

Ita kanta rezar ba duka ɗaya ba ce. Feather ta Japan kaifinta ya yi wa sabon hannu yawa, a bar ta sai an ƙware. Derby ta Turkiyya ko Shark ta Misira sun fi lafiya ga mai farawa. Nakan haɗa wa mutum iri uku ya gwada, don fatar kowa da wadda take so. Aski uku zuwa biyar ka canja, ko da zarar ka ji ta fara fizgar gashi. Har a rezar ma akwai jabu, takardar ta yi kama da ta asali, amma baki a dakushe. A shago kuwa kowane mutum da sabuwar rezarsa, a gabansa nake ɓare ta, saboda ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Tsofaffin nakan jefa su a gwangwanin madara da na tsaga wa baki, kada yara su tsinta a bola.

Idan ka gama, ka wanke da ruwan sanyi, ka jiƙa dunƙulen alif, wannan dai da mata ke tace ruwa da shi, ka goga a inda ka aske. Yana tsayar da ɗan jini, kuma duk inda ya yi maka raɗaɗi, nan ne ka danna, gobe ka sassauta. Bayan minti ɗaya ka ɗauraye, ka shafa ɗan man kaɗanya, musamman da hunturu. Sifirit ɗin da wasu ke kwarara wa mutane busar da fata yake yi, ba na amfani da shi a fuska. Gidan rezar kuma a sassauta notinsa, a ɗauraye, a bar shi ya sha iska.

Ranar Alhamis da yamma da safiyar Juma'a shago cike yake, ba na samun sukunin koyarwa. Mai son ya zauna a nuna masa a tsanake ya zo Talata ko Laraba bayan la'asar, kuma ya bar gashin ya kwana biyu bai taɓa shi ba, don mu ga inda ya kwanta.