Bandir ɗin ƙuri'un da na sa wa hannu ban duba ba

Ranar Alhamis 5 ga Mayu, 2022, kwana uku bayan Ƙaramar Sallah, aka yi zaɓen kansiloli a ƙananan hukumomi 32 na birnin Landan, kuma ina cikin ma'aikatan wucin gadi da ɗaya daga cikinsu ta ɗauka domin ƙidayar ƙuri'u. Yanzu da na tattara kayana zan bar garin, har na rubuta wa ofishin zaɓe cewa su cire sunana daga jerin waɗanda suke kira, na ga ya dace in faɗi abin da ya same ni a wannan dare, saboda 'yan uwa ɗalibai da ma'aikata da suke yawan tambayata ko aikin yana da wuya. Nakan ce musu babu wuya, domin duk wanda ya iya ƙirga kuɗi zai iya ƙirga takarda, amma na daɗe da sanin cewa wannan amsa ba ta cika ba.

Wanda ya taɓa zama a teburin ƙidaya ya san cewa mazaɓa mai kujeru uku ita ce mai cin rai. Mai zaɓe yana da damar dangwala wa mutum uku, saboda haka bayan an tabbatar cewa adadin takardun da ke cikin akwati ya yi daidai da lissafin da shugaban rumfa ya miƙo, sai a raba takardun gida biyu: waɗanda aka ba 'yan jam'iyya ɗaya dukkan ƙuri'u ukun, da waɗanda mai zaɓe ya rarraba, ya ba wannan ɗaya ya ba waccan biyu. Na biyun su ne ake bi ɗaya bayan ɗaya ana shigarwa a takardar lissafi, kuma kowa ya san a nan ake yin kuskure, don haka idon kowa yana kansu. Na farkon kuwa ɗaure su ake yi hamsin-hamsin da roba kamar bandir ɗin kuɗi, a saƙala ɗan kati mai sunan jam'iyya a sama, wanda ya ƙirga ya sa haruffan farko na sunansa, wanda ya sake dubawa shi ma ya sa nasa. Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne cewa idan aka saƙala wa bandir katin da ba nasa ba, jimillar ƙuri'u ba za ta nuna komai ba, domin takarda ko ɗaya ba ta ɓata ba. 'Yan takara uku za su samu ƙarin hamsin kowannensu, wasu uku su rasa hamsin kowannensu, tazarar da ke tsakaninsu ta gusa da ɗari cur, alhali lissafin ƙarshe yana zaune daram.

An rufe rumfuna ƙarfe goma na dare, akwatuna suka fara isowa babban zauren wasannin da aka jera mana tebura. Wakilan 'yan takara suna tsaye a ɗaya gefen teburin, ba su da izinin taɓa takarda, amma idonsu yana kan yatsunmu, wasu suna ta jan layi a 'yan takardunsu tun daga buɗe akwatin farko. Shugaban teburinmu tsohon ma'aikacin hukumar ne, mai furfura, wanda aka ce ya fi shekara ashirin yana wannan aiki, kuma tun farkon dare ya nuna cewa burinsa shi ne teburinmu ya riga na kowa gamawa. Ya ce in riƙa kiransa da sunansa kai tsaye kamar yadda ake yi a nan, bakina kuwa ya yi nauyi, domin ya haifi kamata.

Wajen ƙarfe uku da rabi na dare, matar da ke gefena ta tashi shan shayi, ta bar bandir huɗu da ta ƙirga ta sa wa hannu a katunansu, sai dai katunan suna gefe, ba ta riga ta saƙala su ba. Da idona na ga shugaban ya zo ya kwashi katunan ya saƙala su cikin sauri, sannan ya turo mini bandir ɗin duka huɗu, ya ɗora alƙalami a kai, ya ce, "Na duba su, sa hannu kawai mu wuce." Na ɗaga na saman, na ga takardar farko ta dace da katin. Zuciyata ta ce mini in bi sauran ukun, in karkaɗa su ko da sama-sama ne, aikin da ba zai ci minti biyu ba. Amma yana tsaye a kaina yana kallon agogo, ni kuma na ji kunyar in nuna wa dattijo cewa ban yarda da maganarsa ba a gaban wakilan jam'iyyu. Na sa hannu a kan huɗun.

Kafin a shelanta sakamako, baturen zaɓe yakan tara 'yan takara da wakilansu ya nuna musu alƙaluman, domin doka ta ba su damar neman a sake ƙidaya, shi kuma yana iya ƙi idan ya ga buƙatar ba ta da ma'ana. A mazaɓarmu kujeru biyu sun fita fes, amma ta ukun tazararta ba ta kai ɗari ba. Wata dattijuwa, wakiliyar wanda aka ce ya faɗi, ta buɗe littafinta ta ce abin da ta gani ana zazzagewa daga akwatuna bai yi kama da wannan sakamako ba, ta roƙi a bi bandir-bandir a duba katunansu. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zargi kowa ba. Aka jera su a kan tebur guda, mataimakiyar baturen zaɓe ta riƙa karkaɗa su da babban yatsa a gaban kowa, ni kuma ina tsaye daga nesa na riga na san abin da za a gani tun kafin a kai gare shi. Bandir ɗaya na jam'iyyar dattijuwar ne, an saƙala masa katin abokan hamayya, kuma haruffan sunana suna nan a gurbin mai dubawa. Da aka mayar da shi mazauninsa, kujerar ta koma hannun mutumin da minti ashirin da suka wuce aka ce ya sha kaye, ɗayan kuma, wanda iyalinsa suka riga suka fara rungumarsa, ya zauna a kan benci ya dafe kai.

Mataimakiyar ta kira mu gefe ta tambayi yadda aka yi. Shugaban teburin bai ko dube ni ba, ya ce shi ba ya taɓa kati, aikin masu ƙirge ne, kuma ga sa hannun wanda ya duba nan a rubuce. Na buɗe baki na ce shi ne ya saƙala, sai ta tambaye ni tambaya ɗaya: ko na duba bandir ɗin kafin in sa hannu. Na ce ban duba ba. Daga nan maganata ba ta da sauran nauyi. Aka ɗauke ni daga teburin aka ce in je in taimaka wajen liƙe buhunan takardun da aka gama da su, a can ƙarshen zauren, inda na yi sallar asuba a wani lungu bayan tarin kujeru, raina yana ƙuna irin ƙunar da ban taɓa ji ba a wurin aiki.

Na shafe watanni ina juya wannan dare. Laifina a fili yake, kuma ban taɓa neman a wanke ni daga gare shi ba: sa hannu shaida ce, ni kuwa na ba da shaida a kan abin da ban gani ba. An rene mu a kan cewa ba a ja da babba, tarbiyya ce da nake alfahari da ita, amma gurbin mai dubawa an yi shi ne musamman domin a ja da wanda ya gabata, kowane ne shi, kuma da na girmama mutumin nan da gaske da na kare shi daga kuskuren da gajiya ta sa ya yi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne cewa ya san hannunsa ne ya saƙala katin, ya san na gani, ya kuma zaɓi ya bar sabon ma'aikaci ɗan wucin gadi ya ɗauki kayan shi kaɗai. Na rubuta wasiƙa na bayyana komai dalla-dalla, aka ba ni amsar layi biyu cewa an gode, kuma tsarin ya yi aikinsa tunda an gano kuskuren kafin shela. Gaskiya ne an gano, amma littafin wata dattijuwa ne ya gano shi.

Da gari ya waye labarai suka cika da cewa jam'iyyar Leba ta karɓe ƙaramar hukumar Wandsworth, wadda take hannun 'yan Conservative tun 1978, ta karɓe Westminster da Barnet, daga baya 'yan Conservative suka karɓe Harrow, Lutfur Rahman kuma ya dawo kujerar magajin garin Tower Hamlets. Ina kallon taswirar da ake canza wa launi a talabijin, ina tuna cewa kowane launi tarin sakamakon mazaɓu ne, kowace mazaɓa kuma tarin bandir ne da wani mai jin barci ya sa wa hannu. Kansila a nan yana cikin masu yanke harajin gida, da rabon gidajen hukuma, da kula da tsofaffi, da kwasar shara, kuma shekara huɗu zai yi a kujerar. Ni da na taso ina jin haushin yadda a jihohi da dama na Najeriya jam'iyya mai mulki kan lashe kujerun ƙananan hukumomi kakaf, na kusa zama sanadin ba wani kujerar da ba a zaɓe shi ba, ba tare da an ba ni ko sisi ba.

An sake kirana a 2024, na yi zaɓen magajin garin Landan a watan Mayu, wanda Sadiq Khan ya ci karo na uku, na kuma yi babban zaɓen 4 ga Yuli, kuma babu katin da ya wuce ta hannuna ban bi bandir ɗinsa takarda bayan takarda ba, ko da teburina zai zama na ƙarshe. Sauran abin da zan ce wa mai son aikin kaɗan ne. Ya yi barci da rana. Takardar da ya yi shakka a kanta ya ajiye ta gefe, hukuncinta na baturen zaɓe ne. Kada ya yi wa ɗan takara aiki idan yana son zama a teburin, kada kuma ya faɗi abin da ya gani a kan takarda, domin dokar zaɓe ta 1983 ta ɗora masa riƙe sirri. Ya riƙe sunan wanda ya taɓa kati da lokacin da ya taɓa. Ɗan Najeriya ko Ghana mai izinin zama yana da ƙuri'a a wannan zaɓe saboda ƙasarsa tana cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, don haka ya yi rajista, ya kuma tuna cewa tun 2023 sai da katin shaida mai hoto ake ba da takarda a rumfa.

A wasiƙar da na aika ta barin aiki na sake roƙon a ƙara layi ɗaya a bayanan wancan dare, a rubuta wanda ya saƙala katin kusa da wanda ya sa hannu. Ba a amsa ba tukuna. Shugaban teburin kuwa na hango shi a zauren a zaɓen watan Yuli, yana tsaye a bakin wani teburi yana kallon agogo, yara biyu sababbi suna ƙirga a gabansa.