Kalmar Turanci ma tishi take so

Da na yanke shawarar zana jarrabawar GRE don neman gurbin digiri na biyu a Amurka, sai na sayi wani littafin rubutu mai kauri a wani shago a Ƙofar Ƙaura. Na ja layi a tsakiyar kowane shafi, kalmar Turanci a hagu, ma'anarta da Hausa a dama. Kullum bayan Asuba in kwafe kalma hamsin. Wata biyu ina haka, littafi ya kusa cika, zuciyata fari fat.

Ranar da na yi gwaji a gida ne asiri ya tonu. Ɓangaren harshe na GRE tambaya 27 ce cikin minti 41, makinsa kuma daga 130 zuwa 170. Akwai wata irin tambaya da za a ba ka jimla mai gurbi ɗaya da kalmomi shida, ka zaɓi biyu da za su ba jimlar ma'ana iri ɗaya. In ka dace da ɗaya ka kuskure ɗayar, ba ka da komai. Na riƙa ganin kalmomin da na rubuta da hannuna, har gefen shafin da suke ina tunawa, amma ma'anar ta bi iska.

Da yamma na je gaida kawuna, wanda ya daɗe yana karantar da almajirai a zaurensa, can wajen Gobarau. Ya ga damuwa a fuskata, ya karɓi littafin yana juya shafuka, alhali ba ya karanta Turanci. Ya ɗora yatsa a shafin farko.

"Yaushe rabonka da wannan?"

"Tun ranar da na rubuta shi, Kawu."

"To ai adana rubutu ka yi, ba hadda ba. Yaron da ya wanke allo bai koma ya yi tishi ba, gobe me zai biya maka?"

Maganar nan ta shige ni, domin a zauren na taso, na kuma san yadda mahaddaci ke komawa baya kullum kafin ya ƙara sabon karatu. Daga baya na karanta cewa wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa ya wallafa a 1885 cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo. Wani kuma, Sebastian Leitner, ya fito da dabarar akwatuna a 1972. Ita na ɗauka. Na yayyanka kwali ƙanana, kowane kati da kalmarsa, na samo gwangwanayen madara biyar. Katin da na sani ya matsa gwangwani na gaba, wanda na kan daɗe ban duba ba. Wanda na kasa ya dawo na farko, gobe mu sake haɗuwa. Manhajar Anki tana yin wannan aikin a waya, amma ni kati ya fi kama mini hankali. Na kuma sauko daga hamsin zuwa sha biyar a rana.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne gyara ma'anonin. A tsohon littafin, "laconic" da "taciturn" da "reticent" duk "mai shiru" na rubuta musu. Ashe mu ma a Hausa ba mu haɗa su. Na farko shi ne mai taƙaita magana amma ta isar, sunan ma daga Lakoniya yake, yankin Sparta na tsohuwar Girka. Na biyu shi ne shiru-shiru, wanda magana ba ɗabi'arsa ba ce. Na uku kuwa mai zurfin ciki. Sai na fara liƙa kowace kalma a jikin mutumin da na sani, in rubuta jimla a kansa a bayan katin. Mai shayin layinmu, da baki ba ya rufuwa, shi ya gaji "garrulous", har yau ban manta ta ba. "Sanction" kuma da na sani a matsayin takunkumi daga labarai, ashe tana nufin amincewa ma, jimla ce kaɗai ke raba gardama.

Karatun Islamiyya ma ya yi mini rana. Wanda ya san ilimi da malami da ulama'u daga tushe ɗaya suka fito a Larabci, ba zai sha wuya da saiwoyin Latin ba. Da na gane "loqu" magana take nufi, "eloquent" da "loquacious" da "soliloquy" suka shigo tare. Sai dai kamanni na yaudara: na daɗe ina zaton "noisome" hayaniya ce, alhali abu mai ɗoyi take nufi.

Ƙanwata da ke shirin jarrabawar Turanci ta IELTS ta nemi in ba ta gwangwanayen. Na ce mata dabarar za ta yi mata, katunan kam ba nata ba ne. Ita jerin iyalan kalmomi 570 na karatun jami'a da Averil Coxhead ta fitar a 2000 ya fi dacewa da ita, da yawan rubutu da magana.

Saura mako shida in zauna jarrabawar. Kullum akwai kati goma a aljihun rigata, ina duba su a cikin Keke Napep. In na shiga zauren Kawu, kafin mu gama gaisawa zai tambaya, "Yau an yi tishi?"