Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Satin da na fara ƙirga awannina

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Satin da ya wuce na tsaya a inda na ajiye aikin ofis na koma aikin intanet gaba ɗaya, wato rubuta sauti da ɗan fassara, kwastoma ya turo maka rikodin kai kuma ka saurara ka mayar masa da shi rubutu. Da yawa kun tambaye ni a kan yadda nake tsara lokacina, to yau dai zan ba ku labarin yadda abin ya faro, kuma gaskiya ba da daɗi ya faro ba.

Watanni ukun farko ni a ganina ba wanda ya kai ni aiki. Tun safe nake buɗe laftof, ba na rufewa sai dare ya raba, waya na hannuna ko banɗaki zan shiga saboda tsoron kar kwastoma ya yi magana ban amsa da wuri ba ya tafi wajen wani. Duk odar da ta shigo karɓa nake, ban san kalmar a'a ba, don wanda ya taɓa yin sati biyu cur ba aiki ko ɗaya ya san irin fargabar da ke zama a ƙirji, in aiki ya zo sai ka ji kamar in ka saki wannan shi kenan ba wani mai zuwa.

To ran wata Laraba na karɓi ayyuka uku a yini ɗaya. Babban cikinsu rikodin wani taro ne mai minti 50, na ce wa mai aikin zan ba shi cikin awa 24. A lissafina na lokacin awa uku ta ishe ni. Sai da na sa abin ji a kunne wajen sha ɗayan dare na gane abin da na ɗauko wa kaina, mutum huɗu ne suke magana suna hawa kan juna, ɗaya yana nesa da makirfo muryarsa kamar daga cikin rijiya, ga ƙarar fanka ko injin sanyi da ba ta tsayawa. Jimla ɗaya sai in maimaita ta sau biyar sau shida. Ƙarfe uku na dare ina minti na 22, idona yana yaji, wuyana ya riƙe, na ce bari in ɗora kaina a kan tebur na minti goma kawai. Da na farka rana ta fito, laftof ya mutu ba caji, na kunna na ga saura awa biyu da 'yan mintoci, ga sauran ayyukan biyu ban ko taɓa su ba. Na makara da kusan awa biyar. Mutumin bai zage ni ba, bai ma yi faɗa ba, layi ɗaya ya rubuto cewa ya so ya yi amfani da rubutun a wani zama da safe amma zaman ya wuce. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Taurari biyu ya ba ni cikin biyar, kuma bai ƙara dawowa ba.

Wanda bai san harkar ba zai ce to meye a ciki, amma a manhajojin da muke samun aiki ta intanet taurarin da kwastomomi ke ba ka su ne fuskarka, su ne takardar shaidarka, makara ɗaya tana iya sa sunanka ya yi ƙasa a jerin da kwastomomi ke gani, ka yi ta jiran aiki shiru.

Da yamma na je wajen yayana, shi mota yake ja a manhajar ɗaukar fasinja, ya girme ni a irin wannan rayuwa ta ba oga a kanka. Na zauna a kujerar gaba ina ta ba shi labari, na ce Yaya ni fa na rasa gane kaina, kullum awa sha uku ina kan aiki amma abin da ke shigowa bai kai wahalar ba. Bai ce komai ba, sai ya buɗe aljihun mota ya ɗauko wani ɗan littafi duk ya yi datti gefensa ya nannaɗe ya miƙo min. Kowane shafi kwanan wata ne a sama, a ƙasa layi biyu, awannin da ya yi da fasinja a mota, da awannin da ya yi yana yawo ko yana jira mota ba kowa. Ya ce ƙanina, zama a cikin mota ba shi ne aiki ba, ni ma da ina cewa awa sha biyu nake yi, da na fara rubutawa na ga rabin lokacin mai kawai nake ƙonawa, shi ya sa yanzu nake fita safe da yamma lokacin da mutane ke tafiya aiki da dawowa, tsakar rana in koma in kwanta. Ya ce kai ma je ka rubuta naka sati biyu, kar ka gyara komai tukuna, rubutawa kawai, kuma kar ka yi wa takarda ƙarya.

Na yi yadda ya ce. Duk abin da na fara sai in duba agogo in rubuta, in na gama in sake rubutawa. Kwana biyun farko abin ya dame ni sosai, ina mantawa, amma na daure. Da sati biyu suka cika na zauna na tara lissafi, kuma abin da na gani ya sa jikina ya yi sanyi. A cikin awa sha ukun nan da nake tutiya da su, aikin da ake biyana a kansa bai wuce awa huɗu da rabi ba a yawancin kwanaki. Kusan awa biyu suna tafiya wajen neman aiki da rubuta wa masu aiki buƙata, wanda goma za ka tura da ƙyar ɗaya ya amsa. Awa ɗaya da wani abu amsa saƙonni. Gyaran aikin da na riga na miƙa shi ma yana cin nasa. Sauran kuwa, kuma nan ne abin ya fi min ciwo, duba waya ne, in shiga WhatsApp don in amsa wa mutum ɗaya sai in tsinci kaina a Facebook minti arba'in sun wuce, in dawo kan rikodin na manta ma wa ke magana sai na koma baya na sake saurare.

Abu na biyu da littafin ya nuna min shi ne ban iya kintacen lokaci ba ko kaɗan. Duk aikin da na ce awa biyu, awa uku da rabi yake ci ko huɗu. Daga baya na karanta cewa ba ni kaɗai ba ne, masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun yi bayanin wannan tun 1979, cewa mutum in zai kintaci lokacin da aikinsa zai ɗauka yakan hango hanya mafi sauƙi ne kawai, ya manta da irin cikas ɗin da ya sha a ayyukan baya. Maganin da suka nuna shi ne ka duba nawa irin aikin ya ci maka a baya, ka bar abin da zuciyarka ke raya maka. Ni littafina ya riga ya ba ni amsa, sauti mai kyau na awa ɗaya yana ci min kusan awa huɗu, mara kyau shida ko fiye. Tun daga nan ba na faɗin wa'adi sai na saurari minti biyu daga farko, biyu daga tsakiya, biyu daga ƙarshe.

Sai maganar Pomodoro, dabarar tsara lokacin aiki da kowa ke yi. Wani ɗan Italiya ne Francesco Cirillo ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibi, da ɗan agogon kicin mai siffar tumatir, sunan ma daga nan ya samo asali don pomodoro tumatir ke nan da Italiyanci. Minti 25 aiki ba ɗaga kai, minti 5 hutu, in ka yi sau huɗu ka ɗauki dogon hutu. Na gwada sati guda, ta taimaka min wajen fara aiki musamman ranar da jiki ya mutu, amma minti 25 sun min kaɗan, daidai lokacin da kunnena ya saba da muryoyin masu magana sai agogo ya kaɗa ya katse ni. Na mayar da nawa minti 50 da hutun 10, kuma a hutun tashi nake in miƙe in kalli nesa, ba na taɓa waya. Wayar ma a wani ɗaki nake barinta, don na gwada kife ta a kan tebur bai yi ba, hannu da kansa yake zuwa.

Saƙonni kuma na yanka musu lokaci uku, safe da rana da dare, minti ashirin ashirin. Nan na fi jin tsoro don ina ganin kwastomomi za su gudu, amma da na duba ƙa'idar wasu manhajojin, kamar Fiverr, abin da suke auna yawan amsawarka da shi shi ne ka amsa saƙon farko cikin awa 24, ba cikin minti biyu ba kamar yadda na ɗora wa kaina. Mafi yawan masu ba ni aiki a Amurka suke da Ingila, na Amurka safiyarsu ranata ce ko yammata, don haka na rubuta a shafina awannin da ake samuna, na daina kwana da waya a ƙarƙashin filo. Neman sabon aiki shi ma na ba shi awa ɗaya tak bayan na gama na hannu, ba kafin ba.

A nan bari in ɗan faɗi ra'ayina, masu cewa dole sai ka tashi ƙarfe biyar na asuba ka yi kaza da kaza kafin ka ci nasara, ban yarda da su ɗari bisa ɗari ba. Mai kai kaya da daddare ko mai kwastoma a wata nahiya ba zai iya bin jadawalin ma'aikacin ofis ba, kuma in ya matsa wa kansa barci zai yanke. Likitoci suna ba babban mutum shawarar aƙalla awa bakwai, ni kuma na gani da idona a littafina, duk ranar da na yi ƙasa da shida kurakuran rubutuna suna yawa, gyara ya cinye abin da nake ganin na samu. Abin da ya dace shi ne ka gano awannin da kanka ya fi aiki, nawa daga takwas ne zuwa sha biyu, ka ba su aiki mafi wuya ka kare su kamar dukiya.

Wajen sati na shida da fara wannan tsari wata mata ta turo min rikodin awa biyu tana so kafin gobe da safe, kuma ta ce za ta ƙara kuɗi. Na buɗe littafina na duba, ina da aiki biyu a hannu, lissafi ya nuna ko ban runtsa ba ba zan gama ba. Na fi minti goma ina rubuta amsa ina gogewa, tafin hannuna har gumi yake, muryar nan ta cikin ƙirji tana cewa karɓi kawai ka san yadda za ka yi. Daga ƙarshe na rubuta mata cewa ba zan iya gobe ba, amma zan iya ba ta ranar Juma'a da rana in hakan zai yi mata, na tura na rufe laftof na kira Yaya na gaya masa. Dariya ya yi ya ce to yanzu je ka kwanta. Har na yi barci ba ta amsa ba, washegari ma da safe shiru.

Abin da ta turo min da yammacin ranar, da yadda matar nan ta zama sanadin aikin da ya riƙe ni kusan shekara guda, shi zan kawo muku sati mai zuwa in sha Allahu.