Wasiƙa daga Kopenhagen: aikin da ƙwaƙwalwa take yi bayan mun rufe ido

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na Garwa, da duk wanda wannan takarda za ta riska a Marwa, Ngaundare ko Kusiri. Ya zafi, ya hidimar iyali? Allah Ya kai mu damina lafiya.

Ni ƴarku ce, ina aikin jinya a wani gidan kula da tsofaffi a ƙasar Danmak, kuma mafi yawan waɗanda nake kwana a kansu masu gigin tsufa ne. Wannan aikin ne ya sa na bi diddigin binciken wata ƴar ƙasar nan, Farfesa Maiken Nedergaard, wadda take da ɗakin bincike a Jami'ar Kopenhagen da wani a Jami'ar Rochester ta Amurka. Abin da ta gano ya shafi tsofaffinmu, ya kuma shafi yadda muke wasa da barci, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki yake ƙonawa. Duk inda ake aiki haka, dole a tara datti. Sauran sassan jiki suna da magudanarsu, ita ce wadda take kumbura mu ce kaluluwa ta fito. A cikin naman ƙwaƙwalwa kuwa babu irin wannan magudana, kuma masana sun daɗe suna tambayar ta ina take zubar da nata.

Farfesa Nedergaard ta shiga maganar ta wata ƙofa da mutane suka raina. Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro a ƙwaƙwalwa, waɗanda aka ɗauka aikinsu bai wuce tallafar jijiyoyi ba. Tun a 1994 ta nuna cewa su ma suna aika saƙo ga jijiyoyin. A 2012 ita da abokan aikinta suka zuba rini mai ƙyalli a cikin ruwan da ke kewaye ƙwaƙwalwar ɓeraye, suka zura ido ta madubin likita alhali dabbar tana da rai. Sai suka ga ruwan yana kutsawa ta gefen jijiyoyin jini, yana ratsa naman ƙwaƙwalwa ta wasu ƙananan kafofi da ke jikin ƙwayoyin nan masu siffar tauraro, ya kwashi datti ya fita. Suka raɗa wa hanyar suna gilimfatik.

Shekara ta zagayo, a 2013, suka fitar da binciken da ya kai sunanta duniya a mujallar Science. Idan ɓera ya yi barci, sararin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa yakan buɗe da kusan kashi 60 cikin 100, ruwa ya samu hanya. Wani sinadari da ake kira amiloyid, wanda shi ne yake taruwa ya daskare a ƙwaƙwalwar masu cutar gigin tsufa da likita Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, yana fita da saurin da ya kusa ninka na farke. Ku dubi babbar kasuwar Garwa: ba a share ta da tsakar rana ana ciniki, sai an watse. A 2014 kuma suka nuna cewa a tsofaffin ɓeraye wannan wanki yana raguwa sosai.

Ba ita kaɗai take noman gonar ba. Tun a 2009 ɗakin binciken David Holtzman a Amurka ya nuna amiloyid yana hawa lokacin da ɓera yake farke, ya sauka in ya yi barci. A 2021 likitoci a Oslo ta Norwe suka gwada a jikin mutane da hoton ƙwaƙwalwa, suka ga waɗanda aka hana barci dare guda sun fi jinkirin fitar da rinin da aka sa musu. A shekarar dai aka wallafa wani bincike da ya bi ma'aikatan gwamnatin Ingila kusan 8,000 har tsawon shekara 25. Waɗanda suka dawwama a kan barcin awa 6 ko ƙasa da haka daga shekara 50 zuwa sama sun fi sauran haɗarin gigin tsufa da kusan kashi 30 cikin 100.

Gaskiya ɗaya ce, sai in faɗa muku ita duka. Mafi yawan aikin Farfesa a kan ɓeraye aka yi shi. A 2024 wasu masana a Landan ƙarƙashin Nick Franks suka auna ta wata hanyar, suka ce su raguwar wankin suka gani lokacin barci, kuma har yanzu ana muhawara. Ita ma cutar gigin tsufa kanta tana lalata barci tun kafin a ga alamunta, saboda haka kowanne yana iya jawo ɗan'uwansa. Amma ko waɗanda suke ja da Farfesa ba wanda ya ce ƙarancin barci alheri ne ga ƙwaƙwalwa.

A nan ne hankalina yake komawa gida. Na san yadda Maris da Afrilu suke a Garwa, zafi ya haura 40, ɗaki kamar ba za a shaƙi iska ba, wuta ta ɗauke, sauro ya hana kwana a tsakar gida. Wannan ba laifin kowa ba ne a cikinku. Amma akwai wanda muke jawo wa kanmu. Shayi mai kauri zagaye uku bayan isha'i, da goro, da waya a hannu har ƙarfe biyu, sannan a tashi asuba. Direban babbar mota ya taso daga Ngaundare yana alfahari bai runtsa ba har Kusiri. Ƙanena mai haya da babur ya haɗiyi tiramol don ya kwana yana aiki. Mun mayar da rashin barci alamar jarumta, mai barci kuwa rago. Ƙannena, kuɗin da kuka samo da daren nan, daga jikinku kuka cire shi. Ƙailular da kakanninmu suka riƙe kafin azahar ba lalaci ba ce, ku dawo da ita, musamman masu tashi sallar dare.

Kada kuma wani ya ji wannan ya nufi mai tebur ya sayi ƙwayar barci. A farkon 2025 ɗakin binciken Farfesa ya nuna cewa lokacin barci mai nauyi jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwar ɓera suna tsukewa suna saki kusan kowane daƙiƙa 50, kuma wannan motsin ne yake tura ruwan. Da aka ba ɓerayen maganin barci mai suna zolpidem, sun yi barci da wuri, amma motsin ya raunana, wankin ya ragu. Irin su Valium da ake sayarwa a gida kuwa, an daɗe da sanin suna sa tsoho ruɗewa da faɗuwa.

Sai maganar da ta fi damuna. Lokacin mafarki, ƙwaƙwalwa takan ɗaure gaɓoɓin mutum don kada ya aikata abin da yake gani. A 1986 wasu likitoci biyu a Minnesota ta Amurka, Carlos Schenck da Mark Mahowald, suka bayyana wasu dattawa, yawanci maza da suka wuce 50, waɗanda wannan ɗaurin ya kwance musu. Suna kai naushi, suna shuri, suna ihu cikin barci, wani ya faɗo daga gado, wani ya ji wa matarsa ciwo, in ya farka ya ce ɓarayi ne suka biyo shi. Suka ci gaba da bibiyar wasu masu irin wannan matsala, kuma zuwa 2013 fiye da kashi 80 cikin 100 nasu sun kamu da ciwon karkarwa na Parkinson ko gigin tsufa. Wani babban bincike na 2019 a kan mutum 1,280 masu wannan matsala ya samu kusan kashi 74 cikin 100 sun kamu bayan shekara 12.

A gida me muke cewa idan Baba ya fara haka? Mu ce iska ce, ko an yi masa sammu. Idan Inna ta fara mance sunan jikokinta, ta fita da dare tana neman gidan mahaifinta da ya rasu tuntuni, a wasu unguwannin har a kira ta mayya. Wallahi wannan yana ƙona mini rai, domin irin waɗannan tsofaffin nake wankewa ina ciyarwa kullum, kuma ba abin da ke damunsu sai ciwo a ƙwaƙwalwa. Ba na hana kowa addu'a da rubutu, ni ma ina yi. Amma a haɗa da asibiti.

Ba kowane mai magana cikin barci ne yake da wannan ba, kada a firgita. Wanda ya kamata a kai wa likita shi ne dattijon da faɗan mafarkin ya zame masa jiki, balle in ya daina jin ƙamshi, ko bayan gida ya yi masa wuya, ko hannunsa ya fara rawa yana zaune. Har yau babu maganin da aka tabbatar yana hana cutar zuwa, amma akwai mai rage faɗan dare, akwai kuma maganin lebodofa da ke sassauta karkarwa shekaru masu yawa. Kafin a kai ga likita, a sauke masa katifa ƙasa, a kawar da wuƙa da adda da fitila daga kusa da shi. Ranar zuwa asibiti kuma a tafi da matarsa, domin ita ce ta ga abin da ya faru, shi barci yake yi.

Ku kuma ƙannena da ke karatun likita a Jami'ar Garwa, idan dattijo ya zo muku da hawan jini ko ciwon ƙafa, ku ƙara da tambayar yadda yake kwana: awa nawa, yana minshari har numfashinsa ya ɗauke, yana faɗa cikin mafarki? Ku rubuta amsar a katinsa. Kusan duk alƙaluman da na kawo muku daga Turai da Amurka aka tattara su, namu kuwa sai ku kun fara rubutawa.

Ku gaishe mini da kowa da kowa. Wassalam.

Ƴarku, daga Kopenhagen.